Yadda muka bi sawun George Price, sojan dole na Kanada, ta cikin fayil ɗinsa

A nan Kanada, da zarar Nuwamba ta kama za ka ga kowa da jan fure a ƙirji, daga direban bas har mai karanta labarai a talabijin, domin 11 ga wata ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Makarantu sukan ba yara aiki a kan haka. 'Yata da ke sakandare a nan Regina an ba ta sunan wani soja, George Lawrence Price, aka ce ta rubuto tarihin aikinsa na soja, da sharaɗin daga takardun asali za ta ɗauko, ba daga abin da wasu suka taƙaita a intanet ba. Ta same ni ta ce, "Baba, ina mutum zai samu takardun wanda ya mutu sama da shekara ɗari?" Daga nan aikin ya zama namu mu biyu.

Abin da za ka fara nema shi ne lambar soja. Suna kaɗai ba ya kai ka ko'ina, don masu suna Price suna da yawa a rundunar da Kanada ta tura Yaƙin Duniya na Ɗaya. Idan mutum a yaƙin ya mutu, hanya mafi sauƙi ita ce shafin hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel, wato Commonwealth War Graves Commission. Muna rubuta sunan ya fito: lamba 256265, farabiti, wato soja mafi ƙanƙantar muƙami, Bataliya ta 28, ya mutu 11 ga Nuwamba 1918 yana da shekara 25, kabarinsa a maƙabartar St Symphorien kusa da garin Mons a Beljiyam.

Da wannan lamba muka shiga shafin hukumar laburare da adana kayan tarihi ta ƙasa da ke Ottawa, Library and Archives Canada. Sun gama ɗaukar hoton fayil-fayil na sojojin wancan yaƙi a 2018, sama da fayil 620,000, kuma kowa yana iya saukewa kyauta, ba rajista, ba wasiƙar neman izini. Na Yaƙin Duniya na Biyu ne ke da ƙa'ida: na waɗanda suka mutu a yaƙin a buɗe suke, sauran kuwa sai an nema a rubuce. Muka sauke na Price, muka buga shafukan da ke da muhimmanci a takarda, don rubutun hannu na wancan zamani ba ya karantuwa da kyau a fuskar waya.

Takardar farko ita ce ta fi tsayar da ni. Wanda ya kai kansa soja, takardar da ya cike ta tambayoyi ce da rantsuwa, gaba da baya, har da tambayar ko ya yarda a tura shi ƙetare. Wanda doka ta kamo kuwa fom ɗinsa daban ne, shafi ɗaya, kuma kan takardar ya faɗa ƙarara cewa an ɗauke shi ne a ƙarƙashin Dokar Aikin Soja ta 1917. Babu inda aka tambaye shi ko ya yarda. An rubuta sunansa, ranar haihuwa 15 ga Disamba 1892, mahaifarsa a lardin Nova Scotia can gabas, mazauninsa Moose Jaw a nan Saskatchewan, sana'a leburan gona, ba shi da aure, sannan tsayi da faɗin ƙirji da launin ido. Iyakar abin da gwamnati ta so ta sani ke nan.

A nan sai da muka ajiye fayil muka koma karatun dokar, don ba za ka fahimci takardar ba sai ka san abin da ya haife ta. Kanada a lokacin mutanenta ba su wuce miliyan 8 ba, amma Firayim Minista Robert Borden ya yi alkawarin soja 500,000 a farkon 1916. Da farko matasa sun yi ta tururuwa. Da jerin sunayen matattu ya fara cika jaridu sai ƙafa ta ɗauke. A yaƙin tudun Vimy kaɗai, cikin kwana huɗu na Afrilun 1917, an kashe ko an raunata 'yan Kanada sama da 10,000. Borden ya dawo daga Turai a watan Mayu ya ce ba makawa sai an tilasta, dokar kuma ta tabbata ranar 29 ga Agusta. Ta hau kan maza 'yan shekara 20 zuwa 45, amma rukunin farko da aka kira su ne marasa aure da waɗanda matansu suka rasu ba 'ya'ya, daga 20 zuwa 34. Masu tsara dokar sun san halin mutane, sai suka sa cewa duk wanda ya yi aure bayan 6 ga Yulin 1917, a wurinsu gwauro ne.

Abin da aka fi faɗa shi ne mutanen Quebec masu jin Faransanci ne suka ƙi dokar. Gaskiya ne a can wutar ta fi ruruwa. Henri Bourassa, ɗan siyasa kuma ɗan jaridar Quebec, ya yi ta yaƙarta a jaridarsa, tsohon Firayim Minista Wilfrid Laurier ya ƙi shiga gwamnatin haɗaka saboda ita, kuma a ƙarshen Maris na 1918 tarzoma ta ɓarke a birnin Quebec, sojoji suka buɗe wuta ranar 1 ga Afrilu, farar hula huɗu suka mutu. Amma alƙaluma sun nuna ba su kaɗai ba ne. Cikin mutum sama da 400,000 na rukunin farko, fiye da tara cikin goma sun nemi a ɗauke musu, har a Ontario da sauran lardunan masu jin Turanci. An kafa ƙananan kotunan sauraron uzuri, mutum biyu-biyu, kowa ya je ya faɗi dalilinsa: gona ba mai nomawa, uwa ba mai kula da ita, ciwo, ko aƙida. Kafin zaɓen 17 ga Disamba 1917 gwamnati ta yi wa manoma alkawarin ba za a taɓa 'ya'yansu ba, ta ba matan da ke da ɗa ko miji ko ɗan'uwa a soja damar jefa ƙuri'a, ta kuma ƙwace ta daga waɗanda suka zo daga ƙasashen abokan gaba suka zama 'yan ƙasa bayan 1902. Ta ci zaɓe. Da Jamus ta kawo babban farmakinta ranar 21 ga Maris 1918, ba a yi wata guda ba aka soke afuwar duk ɗan shekara 20 zuwa 22, ana dab da shuka. Manoma dubbai suka yi tattaki zuwa Ottawa a watan Mayu, suka dawo hannu rabbana.

Price bai kai wannan rigimar a gida ba. An yi shelar kiran rukunin farko ranar 13 ga Oktoba 1917, kuma kwanan watan da ke manne da sunansa a Moose Jaw shi ne 15 ga Oktoba. Ranar 4 ga Disamba yana bariki a Regina. Yawancin waɗanda dokar ta kama sai a Janairun 1918 suka fara shiga bariki, shi kuwa a wannan watan ya riga ya hau jirgin ruwa. Yana cikin 'yan sahun farko ke nan.

Mataki na gaba shi ne mafi cin lokaci: takardar da ake rubuta duk motsin soja, layi bayan layi, da hannun akawu daban-daban. Wani rubutunsa tsaf, wani kamar na likita a takardar magani. Ga kuma gajerun haruffa. TOS na nufin an shigar da shi cikin lissafin wata runduna, SOS an cire shi daga lissafinta, CCS kuma asibitin wucin gadi ne na bayan fagen fama. Hukumar tana da jerin irin waɗannan a shafinta, muka buɗe shi a gefe. Dabarar da ta yi mana amfani ita ce mu ja layi uku a farar takarda, kwanan wata, wuri, abin da ya faru, muna cikewa, sannan mu duba kowane wuri a taswira. Sai tafiyar ta fito fili.

Daga Regina jirgin ƙasa ya kai su Saint John a gaɓar Atilantika, tashar da ake amfani da ita da hunturu saboda kogin St Lawrence yana daskarewa. Ranar 21 ga Janairu 1918 suka shiga jirgin ruwa mai suna Scotian, suka sauka Liverpool 6 ga Fabrairu. Aka kai shi sansanin Bramshott a kudancin Ingila, cikin Bataliyar Ko-ta-kwana ta 15, wadda aikinta shi ne horar da kurata 'yan Saskatchewan a riƙa cike gurbin waɗanda suka faɗi. Ranar 1 ga Mayu aka rubuta shi a Bataliya ta 28, washegari yana Étaples a Faransa, babban zangon da sababbin zuwa ke yada zango, sai 1 ga Yuni ya isa wurin bataliyar kanta. Daga gona a Moose Jaw zuwa ramin yaƙi, wata bakwai da rabi.

Akwai kuma shafukan albashi, waɗanda 'yata ta so ta tsallake. Na ce mata, "Ki tsaya, kuɗi ba ya ƙarya." Farabiti yana samun dala 1.10 a rana, dala ɗaya albashi, ɗorin kuma alawus na fagen fama, kuma ko ɗan sa-kai ne ko na dole farashin ɗaya ne. A irin waɗannan shafuka ne ake ganin wanda soja ya ce a riƙa aika wa wani kaso, da tarar da aka ci shi in ya yi laifi, da ranar da aka rufe lissafinsa.

Wani abu da ya kamata mai bincike ya sani: fayil ɗin soja ba ya cewa wane ya yi yaƙi a wuri kaza. Abin da yake rubutawa shi ne canji, an tura shi, an kwantar da shi, ya tafi hutu, ya dawo. Idan tsakanin ranaku biyu ba a rubuta komai ba, to yana tare da bataliyarsa, sai ka je ka nemi inda ita take. Daga 1 ga Yuni zuwa farkon Satumba takardar Price shiru ce, amma wannan shirun ya ƙunshi farmakin Amiens da aka fara 8 ga Agusta da kuma faɗan gabashin Arras a ƙarshen watan. Wannan ne farkon abin da 'yan Kanada ke kira Kwana Ɗari, daga 8 ga Agusta zuwa 11 ga Nuwamba, lokacin da rundunarsu ta yi asarar sama da mutum 45,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Sojojin dole da suka isa Faransa su 24,132 ne, kuma yawancinsu cikin wannan wutar aka zuba su. In ba don su ba, da wuya bataliyoyin su ci gaba da cika bayan kowane farmaki. Duk da haka an daɗe ana musu kallon ragwaye waɗanda sai da aka ja su, ana cewa sun zo a makare ba su tsinana komai ba. Wanda ya bi kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya zai ga maganar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ranar 8 ga Satumba shirun ya katse: ya shaƙi iskar guba a yankin Canal du Nord, wata haƙaƙƙiyar hanyar ruwa a arewacin Faransa. Aka kai shi asibitin wucin gadi, daga nan zuwa babban asibiti a Étaples. Ranar 26 ga Satumba ya koma bataliya. Kwana 18 tsakanin shaƙar guba da komawa bakin daga, kuma washegarin komawarsa ne rundunar Kanada ta fara tsallaka Canal du Nord ta nufi Cambrai. Runduna ta 2, wadda Bataliya ta 28 ke ƙarƙashinta, ta sha nata faɗan a Iwuy ranakun 10 da 11 ga Oktoba. Daga nan Jamusawa suka yi ta ja da baya, ana bin su gari bayan gari har cikin Beljiyam.

Don mu san abin da ya faru ranar ƙarshe sai muka koma wani kundi dabam, littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ta yi kullum. Shi ma yana shafin hukumar, sai dai nemansa ya fi wuya, don ba da sunan mutum ake nema ba, da sunan bataliya da wata. Kuma a irin waɗannan littattafai hafsoshi ne ke da suna. Farabiti yawanci lamba ce a jimlar matattu da raunanan rana. Akwai kuma rajistar da ke bayyana yadda kowane soja ya mutu, wadda aka jera bisa haruffa, amma kundayen da suka biyo bayan sunan Sims sun salwanta. Mu dai mun yi sa'a harafinmu P ne.

Ga abin da ya haɗu. An sa hannu kan tsagaita wuta da misalin ƙarfe 5 na asuba a cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne, aka ce za ta fara aiki ƙarfe 11. Kafin saƙon ya iso, Bataliya ta 28 ta riga ta tashi daga Frameries, kudu da Mons, tun kafin gari ya waye, da umarnin ta kai ƙauyen Havré ta riƙe gadojin Canal du Centre, wata hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen dakon kaya. Da misalin ƙarfe 9 labarin ya same su. A tsallaken ruwan akwai gidajen ƙauyen Ville-sur-Haine, inda aka hango motsin Jamusawa masu bindiga mai jigida. Price da wasu 'yan kamfaninsu, su biyar, suka tsallaka gada suka shiga bincika gidajen. Suka tarar Jamusawan sun fice ta baya, sai mutanen gida kawai. Price ya fito titi, wani maharbi da ke ɓoye ya same shi a ƙirji. Aka ja shi cikin gida, wata matashiya 'yar ƙauyen ta rugo ta taimaka, amma rai ya yi halinsa. Ƙarfe 10:58, saura minti biyu.

A nan ne muka ɗan yi ja-in-ja da 'yata. Ita tana son ta rubuta labarin tsallaka gadar kamar yadda ta karanta shi, da zantuka da komai. Na nuna mata cewa yawancin wannan bayani ya fito ne daga bakin abokinsa Arthur Goodmurphy, wanda ya ba da labarin shekaru masu yawa bayan yaƙi, kuma masu ruwaitowa sun saɓa: wasu sun ce umarni aka ba su, wasu sun ce su suka ga dacewar su leƙa, wasu sun ce 10:57 aka harbe shi ya cika 10:58. Muka yarda ta raba biyu, abin da takardun gwamnati suka rubuta a lokacin, da abin da shaidu suka faɗa daga baya, kowanne ta faɗi daga ina ya fito. Ta kuma rubuta da farko cewa ya ba da ransa don son ƙasarsa, kamar yadda ake faɗa a taron makaranta. Na ce mata, "'Yata, mai yiwuwa yana son ƙasarsa, amma ina kika ga haka a takardun nan? Abin da muka gani shi ne doka ta kira shi, ya je, an sa masa guba ya koma, ya tsallaka gada ranar da kowa ke neman ya tsira da ransa. Ki rubuta wannan, ya ishe shi yabo." Ni a ganina ɓoye cewa sojan dole ne rage masa daraja ne, don yana nuna har yanzu ana jin kunyar abin.

An fara binne shi a maƙabartar Havré, daga baya aka mayar da shi St Symphorien. Jamusawa ne suka kafa wannan maƙabarta lokacin yaƙi, kuma har yau nasu da na Kwamanwel suna kwance wuri guda. A nan John Parr yake, wanda ake ɗauka shi ne sojan Birtaniya na farko da aka kashe a fagen Turai a Agustan 1914, da George Ellison, na ƙarshensu, wanda ya faɗi safiyar ranar da Price ya faɗi. A 1968 tsofaffin abokan Price suka je Ville-sur-Haine suka kafa allon tunawa da shi, a 1991 aka sa sunansa a wata gadar ƙafa a kan ruwan, a Nuwamban 2018 kuma Gwamna Janar ta Kanada ta lokacin, Julie Payette, ta halarci buɗe masa wani ginin tunawa a can.

Ina cikin shafin hukumar kaburburan nan ne zuciyata ta tafi gida. A wannan yaƙin dai an kwashi mutanenmu, sojojin Rejimantin Najeriya da 'yan dako, zuwa Kamaru da Gabashin Afirka, da yawansu ba da son ransu ba. Ita kanta hukumar ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam, gwamnatin Birtaniya kuma ta nemi afuwa a majalisa. Leburan gona daga Moose Jaw ana iya bin sawunsa rana bayan rana har zuwa minti. Ɗan dakon da aka ɗauka daga ƙauyukanmu, jikansa ba shi da lambar da zai fara nema da ita.

Mataki na ƙarshe da muka bi ya fita daga fayil, ya shiga jaridu da kotu, don mutuwar Price ba ta kwanta da shi ba. Tambayar da ta taso ita ce me ya sa aka ci gaba da turawa gaba alhali manya sun san yaƙi ya zo ƙarshe. Mons gari ne mai nauyi a zukatan Turawan Ingila, don a nan suka fara karawa da Jamus ranar 23 ga Agusta 1914 aka kore su, kuma 'yan Kanada ne suka shige shi daren 10 zuwa 11 ga Nuwamba, suka yi asarar mutum 280 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu a kwana biyun. A Maris 1919 tsohon ministan soja Sam Hughes ya miƙe a majalisa ya zargi kwamandan rundunar, Janar Arthur Currie, da zubar da jinin yara don neman suna. Tunda a majalisa ya yi maganar, ba a iya kai shi ƙara. Amma a 1927 wata ƙaramar jarida a garin Port Hope ta maimaita zargin, Currie ya maka ta a kotu yana neman diyyar dala 50,000. An yi shari'ar a Cobourg a 1928, tsofaffin sojoji suka yi ta shiga akwatin shaida ana tambayarsu gawa nawa suka gani, a wace rana, da ƙarfe nawa, mutuwar Price na cikin abin da aka tattauna. Hujjar Currie ita ce umarnin da ke hannunsa na ci gaba da matsa wa abokan gaba ne, kuma bai samu tabbacin tsagaita wuta ba sai safiyar 11 ga wata. Kotu ta ba shi gaskiya, amma diyyar da aka yanke masa dala 500 ce. Shari'ar ta taɓa lafiyarsa ƙwarai, ya rasu a 1933 yana shugabantar Jami'ar McGill a Montreal.